Wa Zai Biya Ladan Gayya? Kuɗin Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Ƙananan Asibitoci

A darasin kimiyyar lafiya an saba koya wa ɗalibi abu uku: sunan cuta, da abin da ke haddasa ta, da kuma maganinta. Daga nan sai a rufe littafi. To amma akwai tambaya ta huɗu wadda ba kasafai ake yin ta a cikin aji ba, alhali kuwa sau da yawa ita ce ke yanke hukuncin ko mara lafiya zai warke ko ba zai warke ba. Tambayar kuwa ita ce, wa zai biya? A wannan fitowa za mu ɗauki wannan tambaya mu aza ta a kan cututtukan ƙwaƙwalwa, mu kuma ɗauki ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ke kudu maso yammacin Jihar Katsina, su zama allon da za mu yi lissafinmu a kai.

Girman matsalar

Da farko ya kamata mai karatu ya raba tsakanin abin da jama'a ke kira hauka da abin da likitoci ke nufi da cututtukan ƙwaƙwalwa. Wanda ke yawo a kasuwa cikin tsumma ɗan ƙaramin kaso ne kawai. Mafi yawan masu fama da waɗannan cututtuka suna cikin gidajensu da tufafinsu tsaf. Akwai mai ciwon damuwa, wanda ya shafe makonni ba ya jin daɗin kome, barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga, aikin gona ya gagare shi. Akwai mai yawan fargaba. Akwai wanda ya ga wani mugun abu da idonsa, abin kuma ya riƙa dawo masa a mafarki da farke, har ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa jikinsa ya ɗauki rawa. Akwai mai jego wadda zuciyarta ta ƙuntata bayan haihuwa. Akan haɗa da farfaɗiya da shaye-shaye a cikin wannan rukuni, domin ma'aikata ɗaya ne ke kula da su.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa a wuraren da ake fama da rikici, kimanin mutum 22 cikin 100 suna ɗauke da ɗaya daga cikin manyan cututtukan ƙwaƙwalwa, kuma kusan 5 cikin 100 nasu ya yi tsanani. Wannan ƙiyasi ne da aka tattaro daga ƙasashe da dama. Amma duk wanda ya san abin da waɗannan ƙananan hukumomi uku suka gani ba zai yi mamakinsa ba. A watan Yuni na 2020 'yan bindiga suka kashe mutane da yawa a Kadisau ta ƙasar Faskari. A daren 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 daga cikinsu bayan kwana shida. Ƙauyukan Sabuwa, masu iyaka da dazukan Birnin Gwari, sun sha irin tasu ukubar. Raunin harsashi ana ganinsa, ana ɗinke shi. Na zuciya kuwa yakan zauna shekaru ba wanda ya tambaye shi.

A ɗaya ɓangaren, likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba bisa alƙaluman da aka yi ta bayarwa a 'yan shekarun nan, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Kusan dukkansu kuma suna manyan birane. Mutumin Sabuwa da ke son ganin irin wannan likita sai ya bi ta Dandume ya fito Funtuwa, sannan ya nufi Shika ta Zariya, ko Barnawa ta Kaduna, ko Dawanau ta Kano, ko kuma birnin Katsina. Ba kuma shi kaɗai zai tafi ba, dole da mai rakiya. Kuɗin mota biyu ke nan, ga ci, ga kwana, ga gona an bari.

Gayya a cikin asibiti

Tun da likitocin ba su isa ba, sai masana suka nemi dabarar da likita ɗaya zai amfani mutane masu yawa ba tare da ya ga kowannensu ba. Dabarar ita ce a raba aikin tsakanin mutane kaɗan, kowa da nasa, kamar yadda ake yi a gayyar noma. Bahaushe dai ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na farko shi ne malamin asibiti, ko nas, ko ungozoma, wanda mara lafiya ke fara tararwa a ƙaramin asibitin mazaɓarsa. Shi ke gane cutar, ya rubuta magani. Na biyu shi ne mai bibiya. Wannan shi ne ƙashin bayan gayyar, kuma shi ne wanda tsohon tsari bai san da shi ba. Aikinsa ya riƙe rajista mai ɗauke da sunan kowane mara lafiya, ya zauna da shi su tattauna, ya auna ci gabansa, idan kuma bai zo ranar da aka sa masa ba ya neme shi. Ana auna ciwon damuwa da wata takarda mai tambayoyi 9, wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 27. In maki na sauka, magani na ci, in ya tsaya cik sai a sake shawara. Na uku shi ne likitan ƙwaƙwalwa, wanda yana iya zama a Katsina ko Zariya. Sau ɗaya a mako ko a mako biyu, sai ya ware sa'a ɗaya ko biyu su bi rajistar da mai bibiya ta waya, ya ce a ƙara wa wannan magani, a canja wa wancan, wannan kuwa a turo shi babban asibiti. Da haka sai ilmin mutum ɗaya ya kai ga mutum hamsin a zama guda.

An gwada wannan tsari ta hanyar kimiyya. A Amurka, wani bincike mai suna IMPACT wanda aka buga a 2002 ya ɗauki tsofaffi 1,801 masu ciwon damuwa ya raba su gida biyu. Bayan shekara ɗaya, kashi 45 cikin 100 na waɗanda aka kula da su ta hanyar gayya alamun ciwonsu sun ragu da rabi ko fiye, a cikin waɗanda aka bari a kan tsarin da aka saba kuwa kashi 19 ne kacal.

Kada mai karatu ya zaci cewa tunanin baƙo ne a ƙasar nan. Tun a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara kwantar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, tare da danginsu, ma'aikatan asibiti na zuwa suna duba su. A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya aka sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko, aka kuma fito da manufar ƙasa a kanta a 1991. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ƙananan ma'aikata yadda za su gane waɗannan cututtuka su kuma yi maganinsu. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun daidaita littafin shirin da yanayin Nijeriya, suka kuma nuna a binciken da aka buga a 2019 cewa kimanin uku cikin huɗu na masu ciwon damuwa da horarrun ma'aikatan ƙananan asibitoci suka kula da su sun sami sauƙi cikin shekara guda. Wani binciken nasu na 2020, a Ibadan da Kumasi ta ƙasar Gana, ya nuna cewa idan ma'aikacin asibiti ya riƙa ziyartar masu taɓin hankali a wurin masu maganin gargajiya da na addu'a, suna aiki tare, marasa lafiyar sun fi samun sauƙi. Wannan darasi ne babba a gare mu, domin a ƙasar Hausa malami da mai magani su ake fara kai wa irin wannan ƙara.

Ashe ke nan dabara tana nan, an kuma tabbatar tana aiki. To me ya hana ta yaɗuwa?

Inda gizo ke saƙa

Bari mu bi kuɗi mu gani. Idan mutum ya je asibiti, me yake biya? Yana biyan kuɗin kati, da na awon jini, da na allura, da na ƙwaya. Duk waɗannan abubuwa ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa. Yanzu mu waiwayi aikin gayyar da muka bayyana. Sa'ar da likita ya ɓata yana duba rajista, mara lafiya ba ya wurin. Kiran da mai bibiya ya yi, da man babur ɗin da ya ƙona ya je ƙauye neman wadda ta daina zuwa, da rabin sa'ar da ya zauna yana sauraron bazawarar da aka kashe wa miji, babu ɗaya daga cikinsu da ke da rasit. Wato mafi amfanin abin da gayyar ke yi, shi ne tsarin biya bai san da zamansa ba. Abin da ba a biya kuwa, ko ba jima ko ba daɗe, akan daina yin sa, komai kirkin ma'aikaci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Su ma Amurkawa, da duk arzikinsu, a nan suka maƙale. Sun tabbatar da amfanin tsarin tun 2002, amma sai a watan Janairu na 2017 inshorar gwamnatinsu ta tsofaffi, wadda ake kira Medicare, ta fara biyan kuɗinsa. Shekara goma sha biyar ke nan ilmi na jiran aljihu. Yadda suka warware matsalar abin lura ne. Sun mayar da biyan na wata-wata a kan kowane mara lafiya da ke cikin rajista, suka ƙayyade lokacin da mai bibiya zai ba shi, minti 70 a watan farko, minti 60 a watannin da ke biye. Kuɗin yana zuwa ga ƙaramin asibitin, shi kuma ya sallami mai bibiya da likitan da ke ba da shawara. A taƙaice, sun sanya wa lokaci farashi.

A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da iyalansu yake fitowa kai tsaye. Ga zazzaɓin cizon sauro, wannan nauyi ne amma na kwana uku. Ga ciwon ƙwaƙwalwa kuwa, masifa ce, saboda dalilai biyu. Na ɗaya, ciwon mai daɗewa ne. Maganin damuwa ba ya fara nuna aikinsa sai bayan mako biyu zuwa huɗu, kuma ana so a ci gaba da shan sa wata tara zuwa shekara bayan an sami sauƙi. Mai farfaɗiya da mai taɓin hankali sukan sha nasu shekaru. Na biyu, ciwon da kansa yana kashe hanyar neman kuɗi. Manomin da ya kasa tashi daga shimfiɗa, ko wanda aka raba da gonarsa da shanunsa, ko wanda ya sayar da duk abin da ya mallaka ya biya fansar ɗansa, shi ake cewa ya kawo kuɗin magani kowane wata. Abin da ke faruwa sananne ne: a saya wata ɗaya, a ga ɗan sauƙi, a daina, ciwo ya dawo, a ce maganin asibiti ba ya yi. Daga nan sai mari da sarƙa. Mai karatu zai tuna cewa a watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun rufe wasu gidajen horo a Daura da Katsina inda aka tarar da mutane a ɗaure. Iyalai da yawa da ke kai 'yan uwansu irin waɗannan wurare sun rasa wata ƙofar ne.

Abin takaici shi ne ƙwayoyin da kansu ba su ne masu tsada ba. Magunguna irin su amitiriftilin da halofaridol da finobabiton tsofaffi ne, suna cikin masu araha a kantin magani. Tsadar tana ga hanya, da lokacin ma'aikata, da kuma tabbatar da cewa maganin bai yanke ba.

Adashi da inshora

Maganin wannan matsala shi ne a tara kuɗi tun kafin ciwo ya zo. Ɗalibai sun san adashi: kowa ya zuba, kowa kuma ya kwasa idan layi ya zo kansa. Inshora ta yi kama da shi ta wajen zubi, amma ta bambanta ta wajen kwasa, domin wanda lalura ta faɗa wa shi kaɗai ke kwasa. Mai lafiya ya ɗauki nauyin mara lafiya a bana, baɗi kuma wataƙila a ɗauki nasa.

Idan kuɗi ya taru, sai a tambayi yadda za a miƙa shi ga asibiti, domin kowace hanya tana koya wa ma'aikaci wani hali. In an biya shi bisa yawan allura da ƙwayar da ya bayar, zai yawaita su, ya rage zama da mutane. In an ba asibiti wani adadi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba, to asibitin ya sami kuɗin da zai iya tsara aiki da shi, amma kuma akwai jarabar ya guji mai ciwo mai cin lokaci, mai ciwon ƙwaƙwalwa kuwa shi ne kan gaba a cin lokaci. In albashi ne tsura, babu abin da ya bambanta wanda ya je ƙauye bibiya da wanda ya zauna a inuwa. Akwai kuma biya bisa sakamako, wanda aka gwada a ƙananan asibitocin jihohin Adamawa da Nasarawa da Ondo da tallafin Bankin Duniya. Yana zaburar da ma'aikata, sai dai yana bukatar masu bincike da za su tabbatar ba a cika rajista da sunayen bogi ba. A ganina abin da ya fi dacewa da gayya shi ne a haɗa: albashi tabbatacce ga mai bibiya, da wani ɗan adadi na wata-wata a kan kowane mara lafiya da ake bibiya da gaske, wanda daga ciki za a fitar da kuɗin waya da mai da ladan likita.

Rumbunan da ke akwai

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa Asusun Kiwon Lafiya Matakin Farko, ta ce a riƙa zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba. Dokar ta kasafta shi kamar haka: kashi 50 ga inshorar ayyukan lafiya na tushe, kashi 20 ga magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 ga gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 10 ga ma'aikata, kashi 5 ga agajin gaggawa. Sai a kasafin kuɗin 2018 aka fara ware masa kuɗi, Naira biliyan 55. Manufar ita ce a sami aƙalla asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, Jihar Katsina kuwa tana da mazaɓu 361 a ƙananan hukumomi 34. A shekarun farko na shirin, abin da kan isa asusun kowane asibiti kai tsaye kimanin Naira 300,000 ne duk wata uku, kuma da shi ake gyaran famfo, da sayen sabulu, da fita rigakafi. Mai karatu ya auna da kansa abin da zai rage wa mai ciwon damuwa.

A 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni. Jihar Katsina tana da tata hukumar ta taimakekeniyar lafiya. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma yi tanadin asusun lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma rubuta asusu a takarda daban, zuba masa kuɗi daban. Wurin da ya kamata malamai da ɗalibai su sa wa ido shi ne jerin ayyukan da inshora ta yarda za ta biya. Idan aka rubuta lafiyar ƙwaƙwalwa a jerin amma ba a ambaci bibiya da shawarar likita ta waya ba, to an sayi garma an manta da shanu.

Ga mai cewa ƙasa ba ta da halin wannan, akwai amsa daga lissafi. Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a 2016 ya ƙiyasta cewa kowace dala 1 da aka kashe wajen maganin damuwa da fargaba tana dawo da kimanin dala 4 ta hanyar ƙaruwar lafiya da komawa bakin aiki.

Abin da rashin tsaro ya ƙara

Lissafin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yana da wasu layuka da babu su a na Ibadan. Tsarin biya bisa rajista yana ɗauka cewa mutum na zaune wuri ɗaya. To wanda ya gudo daga ƙauyensa ya fake a gidan dangi a cikin garin Faskari ko Funtuwa fa? Sunansa na can asibitin da ya baro, wanda wataƙila ma an rufe shi, jikinsa kuma yana nan. Dole kuɗin ya bi mutum duk inda ya koma. Haka kuma gayyar ta dogara da waya, alhali a watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda dalilan tsaro, har da waɗannan ukun, aka shafe watanni a haka. Tsarin da ya san ƙasar da yake ciki zai tanadi rajista ta takarda, da maganin wata biyu ko uku a ajiye, da wata rana da mai bibiya zai fita inda waya ke shiga. Sannan ma'aikacin da aka kawo daga nesa shi ne farkon tafiya idan hanya ta ɓaci. Horar da 'ya'yan garin, musamman mata, domin su ne ke shiga cikin gidaje, ya fi araha a ƙarshe. A Zimbabuwe tsofaffin mata aka horar suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama shida kowane mutum, binciken da aka buga a 2016 kuma ya nuna an sami sauƙi ƙwarai. Su ma ma'aikatan nan, kada a manta, abin da ya sami jama'a ya same su.

Aikin aji

Malam zai iya raba ɗalibai rukuni-rukuni su yi wannan lissafi. Alƙaluman na misali ne kawai. A ɗauka mazaɓa tana da mutum 10,000. In aka yi amfani da ƙiyasin kashi 5 cikin 100, mutum nawa ne ciwonsu ya yi tsanani? A ɗauka 60 daga cikinsu sun shiga rajista, kowanne kuma yana bukatar sa'a ɗaya a wata daga mai bibiya, ban da tafiya: kwana nawa na aiki ke nan a wata? Sai kowane rukuni ya je kantin magani mafi kusa ya tambayi kuɗin maganin farfaɗiya na wata guda, ya je tasha ya tambayi kuɗin mota zuwa babban asibiti mafi kusa, zuwa da dawowa, na mutum biyu. A haɗa kuɗin magani da na waya da na man babur da ladan sa'a huɗu na likita a wata, a raba jimillar sau biyu: da farko a kan mutum 60 ɗin da ke rajista, sannan a kan mutum 10,000 na mazaɓar. A rubuta amsoshin biyu a kan allo, kusa da kuɗin motar da aka samo daga tasha.